Ranar da Diane Abbott Ta Ƙi Bin Umarnin Jam'iyyarta

Yau ba maganar gida na zo da ita ba, Ingila za mu leƙa. Masu saurin sauka kwamen, don Allah a daure a karanta har ƙarshe tukuna.

Ƙanena ne ya jawo rubutun nan. Da ya samu gurbin digiri na biyu a can, muna zaune muna lissafin kuɗin biza, sai ga wani caji daban da ba mu sa a lissafi ba: kuɗin lafiya na baƙi. Ɗalibi fam 776 a kowace shekara, wanda ba ɗalibi ba fam 1,035. Kuma gaba ɗaya ake biya tun kana gida, ko ka yi ciwon kai a can ko ba ka yi ba. Na ce wai wannan wa ya kawo shi? Da na bi sawu sai na tarar Dokar Shige da Fice ta 2014 ce ta haife shi, ya fara aiki a 2015 a kan fam 200, yana ta hawa har ya kai inda yake. Daga nan sai na nemi sanin su wa suka amince da dokar, su wa suka ƙi.

A can wannan ba wahala. Majalisarsu tana da kundi mai suna Hansard, duk kalmar da ɗan majalisa ya furta a zaure tana ciki. In aka zo raba gardama kuwa, kowa tashi yake da ƙafarsa ya shiga zauren "eh" ko zauren "a'a", a rubuta sunansa. Babu ɓuya a cikin hayaniya. Da na buɗe ƙuri'ar karatu na uku, ta watan Janairun 2014, sai na ga cikin kujeru 650 waɗanda suka ce a'a ba su kai 20 ba. Sunan farko a jerin, tunda da harafi ake jerawa, shi ne Diane Abbott.

Ga waɗanda ba su san ta ba: 'yar baƙi ce daga Jamaika, babanta mai walda, mamarta nas. An haife ta a Landan a 1953, ta karanta tarihi a Jami'ar Kambirij, a 1987 ta ci kujerar Hackney ta Arewa da Stoke Newington a jam'iyyar Leba. Ita ce baƙar mace ta farko da ta shiga majalisar wakilan Birtaniya.

To me ke cikin dokar? Ministar cikin gida ta lokacin, Theresa May, tun 2012 ta faɗa ba a ɓoye ba cewa manufarta ita ce a ƙuntata wa masu zama ba izini rayuwa har su fita da ƙafarsu. A 2013 har motoci aka sa suna yawo a wasu unguwannin Landan da rubutun a koma gida ko a fuskanci kamu. Dokar 2014 ta ɗauki aikin jami'in shige da fice ta rarraba wa jama'ar gari. Mai gidan haya sai ya duba takardunka kafin ya ba ka ɗaki, in ba haka ba tara ta hau kansa, a lokacin har fam 3,000 a kan kowane ɗan haya. Banki sai ya duba kafin ya buɗe maka asusu. Lasisin tuƙi haka.

A lokacin Leba ce babbar jam'iyyar adawa, Ed Miliband ke jagorantarta, zaɓen 2015 ya ƙarato, jam'iyyar UKIP mai ƙyamar baƙi tana ta ɗiban magoya baya. Sai shugabannin Leba suka yi lissafin 'yan siyasa: in muka ƙi dokar za a ce muna goyon bayan baƙin haure, in muka amince mutanenmu za su ji haushi, saboda haka kowa ya naɗe hannu, kar a ce eh kar a ce a'a. Kusan kowa ya bi. Abbott da su Jeremy Corbyn da John McDonnell da Dennis Skinner suka ƙi. A muhawarar ƙudirin ta miƙe ta tambayi May ko ta yi tunanin abin da matakan nan za su yi wa mutanen da 'yan ƙasa ne cikakku, amma in ka kalle su sai ka ɗauka baƙi ne. Wato mai gidan hayar da ke tsoron tara, wa zai tsare da tambaya? Ai ba Bature mai jan kunne ba.

A wajenmu da tuni an sa mata suna: 'yar anti-fati, mai neman suna, an saye ta. A can ma ba yabo ta sha ba.

Shekara huɗu aka yi, ƙwai ya fashe. Akwai mutanen da ake kira 'yan Windrush, sunan jirgin ruwan da ya sauke ayarin 'yan Karibiyan a tashar Tilbury a watan Yunin 1948. Birtaniya ce ta buƙace su bayan yaƙin duniya, su tuƙa bas, su yi jinya a asibitoci. 'Ya'yansu da yawa sun shigo suna yara, a kan fasfon iyayensu. Dokar 1971 ta ba duk ɗan ƙasashen renon Ingila da ya zauna kafin 1973 izinin zama na dindindin, sai dai ba a ba su wata takarda a hannu ba. Katunan saukarsu kuma, waɗanda za su iya zama shaida, ma'aikatar cikin gida ta lalata su a 2010. Kawai sai mutum mai shekara 60, wanda bai san wata ƙasa ba, aka ce ya kawo hujjar zamansa ta shekara da shekaru. Wasu suka rasa aiki, wasu gida, wasu magani.

Paulette Wilson ta shigo a 1968 tana shekara 10. Ta taɓa aikin girki a kantin abincin majalisar nan, ita ta ciyar da 'yan majalisar. A 2017 aka tsare ta a sansanin Yarl's Wood, saura ƙiris a sa ta a jirgi zuwa Jamaika. Wani dattijo da ya shekara 44 a ƙasar yana biyan haraji, da ciwon daji ya kama shi, aka ce ya kawo fam 54,000 kafin a yi masa magani. Gwamnati da kanta ta amsa cewa aƙalla mutum 83 aka kora bisa kuskure. Kuma kar wani ya ce wannan matsalar 'yan Jamaika ce: cikin waɗanda abin ya shafa har da 'yan Najeriya da 'yan Ghana. A watan Afrilun 2018 ministar cikin gida Amber Rudd ta ajiye aiki, Theresa May, wadda a lokacin ta zama firaminista, ta ba da haƙuri.

Ban ce Abbott ce ta tono badaƙalar ba. 'Yar jarida Amelia Gentleman ta Guardian ce ta bi mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, David Lammy ya girgiza zaure da jawabinsa, Yvette Cooper ta titsiye Rudd a kwamiti. Abin da nake cewa shi ne, ranar da 'yan Leba suka tashi suna kumfar baki a 2018, akasarinsu kundi ya nuna sun naɗe hannu a 2014. Ita kuwa da ta tsaya a matsayin mai magana da yawun adawa kan harkokin cikin gida, babu wanda ya isa ya ce mata ina kike a lokacin. Wata biyu kafin nan ma ta shiga Yarl's Wood ɗin da kanta, bayan ta fi shekara tana neman izini, ta tarar da mata suna yajin cin abinci. Kukansu shi ne Birtaniya tana tsare baƙo ba tare da wa'adi ba. Ɓarawo ya san ranar fitarsa daga kurkuku, su ba su sani ba.

Na san abin da wani zai rubuto: to ƙuri'ar da aka kayar me ta tsinana? Doka ta wuce, ƙanenka ya biya kuɗinsa. Gaskiya ne. Kuma Abbott ba ta taɓa zama minista ba ko na kwana ɗaya. Amma a duba 2008. A lokacin jam'iyyarta ce ke mulki, Gordon Brown ya kawo ƙudirin tsare wanda ake zargi da ta'addanci har kwana 42 ba tare da an gurfanar da shi ba. Kowa ya san samarin da abin zai fi faɗawa kansu, 'ya'yan Musulmi ne na unguwanni irin nata. 'Yan Leba 36 suka bijire, tana ciki, jawabinta na ranar har mujallar Spectator, ta masu ra'ayin riƙau, ta ba shi lambar jawabin shekara. Gwamnati ta sha da ƙyar, 315 da 306. Da ƙudirin ya isa majalisar dattawa a raunane suka yi watsi da shi, gwamnati ta janye. Inda 'yan 36 ɗin nan sun ce biyayya ga jam'iyya ta fi, da rata mai faɗi zai wuce. Haka ta ƙi yaƙin Iraƙi a 2003, ranar da Tony Blair yake kan ganiyarsa.

A fannin lafiya abin da ya fi taɓa ni sikila ce. Ta jagoranci ƙungiyar 'yan majalisa daga jam'iyyu daban-daban da ke bibiyar cutar sikila. Mu nan ba sai an yi mana bayani ba, Najeriya ce kan gaba a duniya, ana ƙiyasta jarirai 150,000 ake haifa da ita duk shekara, da wuya ka samu zuri'ar da ba ta kwana a asibiti da yaro yana kukan ƙashi ba. A Ingila kuwa ciwon tsiraru ne, galibi baƙaƙe, saboda haka ba ya kawo ƙuri'a. Matashi zai zo asibiti ciwo ya taso masa yana roƙon allurar kashe zafi, a riƙa yi masa kallon ɗan ƙwaya. Wanda ya ɗauki irin wannan batu ba don zaɓe ya ɗauka ba. A watan Nuwamban 2024 kuma, da aka kawo ƙudirin ba marar lafiyar da ya kusa mutuwa damar neman a taimaka masa ya ƙare rayuwarsa, ta ƙi, alhali da yawa cikin abokan tafiyarta sun amince. Hujjarta irin ta 2014 ce: wa abin zai faɗa wa? Talaka, naƙasasshe, da tsohuwar da ke ganin ta zame wa 'ya'yanta nauyi. An kayar da su, 330 da 275.

Yanzu bari in faɗi laifinta da bakina kafin a faɗa mini. A 2003 ta kai ɗanta makarantar kuɗi bayan ta soki manyan jam'iyyarta da suka kauce wa makarantun unguwa, ita kanta ta ce abin ba shi da kariya. A kamfen ɗin 2017 ta rikice a rediyo kan lissafin kuɗin ɗaukar 'yan sanda, abin kunya ƙwarai, ko da yake daga baya ta bayyana cewa ciwon suga ne ya taso mata a lokacin. Mafi muni shi ne wasiƙar da ta aika wa jaridar Observer a watan Afrilun 2023, inda ta nuna kamar abin da Yahudawa da 'yan Ailan da al'ummar masu yawo da ake kira Travellers suke fuskanta bai kai a kira shi wariyar launin fata ba. Wannan kuskure ne babba, musamman daga bakin wadda ta ƙare rayuwarta a kan batun daidaito. Ta janye ta ba da haƙuri, jam'iyya ta dakatar da ita fiye da shekara. Ban ga laifin hukuncin ba. Amma ku lura, kuskuren ma da sunanta yake, ba ta ce wani yaronta ne ya yi mata kutse a waya ba. Shi ya sa ni da nake zaune a nan zan iya jera muku alherinta da sharrinta shekara bi shekara. Ku gwada yi wa wakilin mazaɓarku haka. Yawancin ƙudirorinmu da murya ake wucewa da su, a buga guduma, kowa ya fito ya ce shi ba ya ciki. Ranar da aka tilasta kiran suna a majalisar dattawanmu a 2021 kan aika sakamakon zaɓe ta na'ura, kun tuna yadda kujeru suka zama wayam.

Kuma ta biya kuɗin tsayuwarta. Binciken Amnesty ya nuna cewa a makonni shida kafin zaɓen 2017, kusan rabin zagin da aka aika wa mata 'yan majalisa a Twitter ita kaɗai aka aika wa. A watan Maris na 2024 labari ya fito cewa wani attajiri, babban mai ba jam'iyyar Conservative kuɗi, ya taɓa cewa ganinta yana sa mutum ya tsani baƙaƙen mata duka, har ya ce ta cancanci a harbe ta. Ranar Laraba, lokacin yi wa firaminista tambayoyi, zaure ya ɗauki maganar. Firaminista ya yi magana a kanta, jagoran adawa ya yi magana a kanta, tana zaune a bayansu. Sau 46 ta miƙe tana neman kakakin majalisa ya ba ta dama, bai kira ta ba.

Bayan wata huɗu mutanen Hackney suka sake zaɓenta, karo na 10 ke nan a jere, ta zama macen da ta fi kowace mace daɗewa a zauren, muƙamin da suke kira Uwar Majalisa. A watan Yulin 2025 ta sake taɓo maganar wasiƙar nan a wata hira da BBC, jam'iyyar Leba ta sake dakatar da ita.