Me Ya Sa Karen Cikin Littafi Kusan Kullum Namiji Ne?

 Akwai wani abu da mutum zai ce ƙarami ne wanda muke so mu jawo hankalin iyaye da dattawa da malaman yara a kansa, wato littattafan nan masu hotuna da ake bugawa a Amurka da Ingila domin yaran da ba su iya karatu ba tukuna. Da yawa daga cikinmu mun saye su a wurin masu gwanjon littattafai, wasu kuma sun zo makarantunmu na ƙananan yara a cikin kwali a matsayin kyauta. Mun karɓa da godiya, gama littafi ba ya da araha. Amma sau nawa muka zauna muka duba abin da ke ciki kafin mu miƙa wa yaro?

Duk wanda ya buɗe irin wannan kwali zai ga labarin kare ya yi yawa. Dalili kuwa shi ne, a ƙasashen nan kare ɗan gida ne. Yana da suna, yana kwana cikin ɗaki, ana yi masa wanka, ana kai shi wurin likita. Saboda haka marubuci yakan sa kare a matsayin yaro, yaron da yake sauraro kuma yakan ga kansa a cikin karen. Abin da karen ya yi, da abin da aka yarda masa ya yi, shi ne darasin.

Bari mu duba kaɗan daga cikin waɗanda suka fi suna. The Poky Little Puppy ya fito a 1942, a shekara ta 2001 kuma an lasafta cewa an sayar da kusan miliyan 15 nasa. 'Yan kwikwiyo biyar ne suke haƙa rami a ƙarƙashin shinge su fita yawon duniya. Wanda labarin yake kansa namiji ne, uwarsu kuwa tana gida, aikinta shirya abinci da horo. A 1956 aka buga Harry the Dirty Dog. Harry ya ƙi wanka, ya binne burushin, ya gudu daga gida, ya yi wasa a inda ake gyaran hanya da wajen jirgin ƙasa har ya yi baƙi ƙirin, mutanen gidan suka kasa gane shi. A 1963 Norman Bridwell ya fito da Clifford, wani ƙaton jan kare wanda ya kai girman gida. A 1980 Eric Hill na Ingila ya fito da Spot, inda uwarsa Sally take bin ɗaki ɗaki tana nemansa domin bai ci abincinsa ba. Dukansu maza ne.

To, ina matan? A littafin Go, Dog. Go! na 1961 karnuka suna tuƙa motoci, suna aiki, suna wasa, suna hawan itace. Macen da mai karatu zai tuna da ita guda ce, mai launin ruwan hoda, kuma duk lokacin da ta bayyana tambaya ɗaya take yi wa wani kare, ko hularta ta yi masa kyau. Sau uku yana ce mata a'a, sai a na huɗu ya yarda. Labarin yana da ban dariya, yara kuma suna sonsa. Amma mu tsaya mu yi tunani a kan 'yar shekara huɗu da aka karanta mata shi sau talatin. Ta ga masu tuƙa mota, ta kuma ga mai jiran a yaba kwalliyarta. Wanne aka nuna mata cewa ita ce?

Kada wani ya ce zato ne kawai muke yi, domin masana sun zauna sun ƙidaya. A 1972 Lenore Weitzman da abokan aikinta suka bincika littattafan da suka sami lambar yabo ta Caldecott, wadda ita ce babbar lambar littattafan hotuna a Amurka. Suka tarar hotunan maza sun ninka na mata sau 11. Da suka koma kan dabbobi, sai suka ga maza 95 a kan mace 1. A 2011 Janice McCabe da abokan aikinta suka buga sakamakon binciken littattafai kusan 6,000 da suka fito daga 1900 zuwa 2000. A kowace shekara, dabba namiji shi ne jigon labari a kashi 23 cikin ɗari na littattafan, dabba mace kuwa kashi 7.5 kawai. Wato wariyar ta fi tsanani a labarin dabbobi fiye da labarin mutane. Mai buga littafi yana tsammani ya kauce wa maganar namiji da mace da ya zana kare, alhali kuwa a nan ne maganar ta ɓuya.

Akwai wani bincike kuma da ya taɓa mu iyaye kai tsaye. A 1987 Judy DeLoache da abokan aikinta suka ba uwaye littattafai masu dabbobin da ba a nuna ko maza ne ko mata ba, suka saurari yadda suke ba 'ya'yansu labarin. Kashi 95 cikin ɗari na dabbobin, uwayen da bakinsu suka mai da su maza. Ashe laifin ba na marubuci kaɗai ba ne, har da mai karantawa.

A nan ne abin ya iso ƙofar gidanmu. Yawancinmu idan mun ɗauki littafin Turanci, muna juya wa yaro labarin da Hausa. Hausa kuwa ba ta barin mutum ya tsaya a tsakani. Dole ka ce "ya tafi" ko "ta tafi". Kalmar da take zuwa baki ita ce kare, sai "ya" ta biyo. Sunan macen kuwa ya zama abin zagi a bakin mutane, har uwa mai kunya ba ta son ta furta shi a gaban 'ya'yanta. Ta haka ko 'yan matan da marubucin ya sa a littafin sukan ɓace a bakinmu.

Masu shekaru a cikinmu za su tuna da littattafan Ladybird na Peter da Jane da karensu Pat, waɗanda aka fara bugawa a Ingila a 1964, da yawa kuma da su muka koyi Turanci ko muka koya wa 'ya'yanmu. A bugun farko Jane tana taya uwa aikin gida, Peter yana tare da uba. Mutanen Ingila da kansu suka yi ƙorafi, a shekarun 1970 aka sake zana hotunan, har Jane ta sa wando ta shiga wasa. Abin lura shi ne, littafin da aka daina amfani da shi a can ba a kan ƙone shi ba. Sau da dama shi ne yake shiga kwali a aiko mana. Mukan karanta wa jikokinmu abin da masu shi suka gyara shekara hamsin da suka wuce.

Mun san abin da wani dattijo zai ce: wannan ai surutun Turawa ne, namiji namiji ne, mace mace ce, kada a rikita mana yara. Mun ji, kuma ba mu ce a share bambancin da Mahalicci ya yi ba. Tambayarmu ita ce, wane ne ya rarraba halayen nan? Wa ya ce ƙarfin zuciya da son sani na maza ne, tsabta da kula da wani kuma na mata? Mu da muke karanta Littafi Mai Tsarki mun san Rahila kiwon tumaki take yi sa'ad da Yakubu ya fara ganinta, Yakubu kansa kuma ya iya girki. Mun san 'ya'yan Shallum mata sun yi aikin gyaran garun Urushalima a zamanin Nehemiya. Rabon da muke gani a littafin kare ya fito ne daga zaman gidan Amurka da Ingila na tsakiyar ƙarni na 20, bai kamata mu ɗauke shi kamar doka daga sama ba.

Kuma hasarar ta kowa ce. Yarinyar da ta saba ganin cewa mai fita ya gano abu namiji ne za ta yi shiru a aji ko da ta san amsa. Yaron da ya saba ganin cewa shi ne mai ɓata wuri, wata kuma tana nan za ta neme shi ta ba shi abinci, zai girma ya zama mijin da matarsa tana kwance da zazzaɓi amma ba zai iya dama wa yara kunu ba. Irin waɗannan gidaje ne ƙararsu take zuwa gaban dattawa bayan shekara ashirin. Littafi ɗaya ba ya yin wannan, amma yau da gobe ta sa allura ginin rijiya.

Dole mu faɗi gaskiya cewa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Mai Clifford yarinya ce, Emily Elizabeth, wadda marubucin ya sa wa sunan 'yarsa, ita ce kuma take bi da wannan ƙaton kare. A ƙarshen labarin Harry, yaro da yarinya tare suka yi masa wanka. Martha Speaks na 1992 labarin macen kare ce wadda ta sha miyar haruffa ta fara magana. A Officer Buckle and Gloria na 1995, Gloria tana aiki da ɗan sanda, ita ce kuma take sa yaran makaranta su saurari darasin kiyaye haɗari. Bluey, wadda ta fara a talabijin na Ostareliya a 2018 kafin a yi littattafanta, mace ce, ubanta yana wasa da 'ya'yansa yana kuma aikin gida. Mutane da yawa sun ɗauka namiji ce domin launinta shuɗi ne kuma ita ce jigon labari. Wannan kuskuren kaɗai ya isa ya nuna mana yadda idonmu ya saba.

To, me za mu yi? Ba mu ce a zubar da littafi ko ɗaya ba, gama ba mu da su da yawa. Na farko, malaman yara da shugabannin zumuntar mata su zauna rana ɗaya su ƙidaya littattafan da ke kabad ɗinsu: nawa ne jigon labarinsu namiji, nawa mace. Idan za a sayi sababbi, a cike inda ya gaza. Na biyu, idan littafi bai faɗi ko dabbar namiji ce ko mace ba, mu riƙa canzawa, yau ɗan kwikwiyo, gobe 'yar kwikwiya. Na uku, mu yi wa yara tambaya bayan karatu. Wa ya dafa abincin? Ina uban yake? Da ke ce, ina za ki tafi? Na huɗu, iyaye maza su riƙa ɗaukar littafin da kansu. Yaron da ya ga ubansa zaune a tabarma yana karanta masa labari ya riga ya koyi abin da babu shi a shafin.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna kula da abin da yaranmu suke ci da ruwan da suke sha, sai mu kula da abin da ake karanta musu kafin su yi barci. Allah ya ba mu hikimar renon 'ya'yanmu, maza da mata. Amin.