Wai mene ne "skill" ɗin nan?

Ƴan uwa matasa, kwanan nan duk inda ka leƙa, Facebook ko WhatsApp, magana ɗaya ce: "Koyi skill, ka daina jiran aikin gwamnati." Shawarar ba ta da laifi. Damuwata ita ce yadda muka tauye ma'anar kalmar.

A Ingilishi, skill na nufin iyawar da mutum ya samu ta hanyar koyo da yawan yi. Ta bambanta da talent, wato baiwa, wadda ake haihuwar mutum da ita. Asalinta daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai ne, inda take nufin rarrabewa, ka iya gane mai kyau daga maras kyau. Da Hausa ƙwarewa muke cewa, ko gwaninta. A lakwal kuma compétence aka koya mana.

Amma a bakinmu yau ta koma aikin kwamfuta kaɗai: haɗa hoto, gyaran bidiyo, talla a intanet. To badukun Damagaram da zai shafa fata ya gaya maka ko jima ta yi fa? Manomin albasa a Galmi da ya san ranar da zai janye ban ruwa don kada ta ruɓe a rumbu fa? Wannan rarrabewar ita ce ainihin skill. Ko Majalisar Ɗinkin Duniya da ta ware 15 ga Yuli a matsayin ranar ƙwarewar matasa, a 2014, koyon sana'a da fasaha ta sa gaba.

Kuskuren nan yana da tsada. Yaron gareji da ya shekara huɗu ƙarƙashin mota sai ya riƙa ganin bai iya komai ba, tunda ba shi da takarda. Wani kuma ya biya jikka goma don formasiyon kwana uku, ya fito da atestasiyo mai hatimi, a ba shi aiki ya kasa.

Ni ba na raina aikin kwamfuta, ku koya sosai. Amma kafin ka biya kuɗin kowace formasiyo, tambayi mai koyarwar: ina aikin da kai ka yi? Wata nawa zan yi ina gwadawa da hannuna? Wa zai gyara mini in na ɓata? In ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka. Sai an gwada akan san na ƙwarai.