A Fassara Mana Chemmeen, Akwai Darasin Bashi A Ciki

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi kira ga masu fassara mana finafinan Indiya zuwa Hausa. Jama'a, kullum sai faɗa da harbe-harbe? Akwai wani tsohon fim mai suna Chemmeen, wato jatan lande, wanda ya fito da harshen Malayalam na jihar Kerala a kudancin Indiya. Ramu Kariat ne ya shirya shi daga littafin da Thakazhi Sivasankara Pillai ya rubuta a 1956, kuma shi ne fim na farko daga kudancin Indiya da ya ci lambar zinare ta shugaban ƙasarsu.

Labarin masunta ne a bakin teku. Karuthamma 'yar wani masunci ce mabiyin addinin Hindu, tana son Pareekutty, saurayi Musulmi mai sarin kifi. Uban yarinyar ya karɓi kuɗi a hannun yaron ya sayi kwalekwale da taru, bisa alkawarin shi zai riƙa sayar wa kifi. Da ya ji ɗumi a aljihu sai ya juya masa baya, jarin yaron ya karye, aka aurar da yarinyar ga wani masunci mai suna Palani. Ƙarshe dai teku ta ci Palani, aka tsinci gawar masoyan biyu a gaɓa, shi ma uban bai ga da kyau ba.

To 'yan'uwana 'yan tireda da manoma, wa bai san irin wannan mutum ba? Ka ba shi bashin taki da damina, kaka ta yi ya kai amfanin gonarsa wata kasuwa don kada ku haɗu. Wasu za su ce ai camfin masunta ne ya cika fim ɗin, cewa teku na halaka mijin da matarsa ta ci amanarsa. Camfin nasu ne, mu bar musu. Amma cin amanar bashi kam ciwonmu ne, shi ke kashe ƙananan jari a kasuwanninmu.

Roƙona na biyu, don Allah in an tashi fassara a bar waƙoƙin yadda suke. Salil Chowdhury ne ya yi kiɗan, Vayalar Ramavarma ya rubuta baitocin. Manna Dey, wanda Malayalam ba harshensa ba ne, shi ya rera waƙar da Pareekutty ke yi shi kaɗai a bakin teku. Ko ba ka jin yaren, za ka gane mutum ne da ya rasa jari ya rasa masoyiya.

Allah ya ba mu ikon biyan bashi tun muna da rai, amin.

Naku,
Manomi kuma ɗan tireda mai karanta jaridarku.