Malami a Cikin Waya: Ina Rabon Ɗan Ƙauye?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, a yau ɗan mai hali a Kaduna ko Zariya yana kishingiɗe a ɗaki, malamin da ubansa ya ɗauka yana koya masa lissafi ta Zoom. Wannan ci gaba ne, ba mu musa ba. Amma ɗan manomin rake a Nasarawan Doya, cikin ƙasar Makarfi, wa zai koya masa? Ga shi kuwa jarrabawa ɗaya za su zauna, kuma tun 2015 hukumar JAMB ta mai da tata kacokan ta kwamfuta.

A 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, gwamnatin Jihar Kaduna ta koma ba da darussa ta rediyo da talabijin. An yi ƙoƙari, sai dai rediyo ba ya jin tambaya, ba ya kuma gyara kuskure. Kamfanin uLesson, wanda Sim Shagaya ya kafa a 2019, ya fara da zuba darussa a katin memori don a huta da sayen data. A 2022 kuma Gwamnatin Tarayya da UNICEF suka buɗe Nigeria Learning Passport. Duk suna da amfani, amma yaron da ya kakare yana bukatar mutum ya duba littafinsa, ya nuna masa inda ya kauce.

Mu a ganinmu, daidai ruwa daidai tsaki. Darasin bidiyo kai tsaye yana lashe data da caji, kuma da sabis ya yanke ya watse. Saƙon murya na WhatsApp kuwa ba shi da nauyi, yana jira har sabis ya dawo, ana kuma iya maimaita shi sau goma. Yaro ya ɗauki hoton aikinsa ya aiko, malami ya duba, ya amsa masa da Hausa dalla-dalla. Waya ɗaya ta isa yara biyar, shagon mai caji ya ishe ta wuta.

To, ina malaman? Mu ne. Muna kira ga ƙungiyarmu ta tattara sunayen 'yan Ikara da Makarfi da Kudan, kowa ya ɗauki ɗalibai biyar na garinsu, ya ba su awa biyu a mako. In an yi hutu, mai kwamfuta ya je gida da ita, yara su saba da ita kafin ranar jarrabawa. Ma'aikatan da suka riga mu fita su taimaka da kuɗin data.

A shekarun 1950 iyayenmu sun yi Yaƙi da Jahilci da allo da alli. Abin kunya ne mu riƙe waya muna hira dare da rana, ƙannenmu suna faɗuwa jarrabawa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya ba mu ikon cikawa, amin.