Almakashin Matisse da hannun da ya miƙa masa

A watan Janairun 1941 likitoci a birnin Liyon na Faransa suka yi wa mai zane Henri Matisse tiyata a hanji saboda ciwon daji. Shekarunsa 71, ga ƙasar cikin yaƙi, sojojin Jamus sun riga sun mamaye Faris. Aikin ya zo da matsala har aka fid da rai, da ya farfaɗo sai sistocin da ke jinyarsa suka riƙa ce masa wanda ya dawo daga lahira. Amma dawowar ba ta cika ba. Cikinsa ya yi rauni, ba ya iya daɗewa a tsaye gaban allon zane, alhali da wannan tsayuwar ya ci abinci shekara hamsin. Daga nan rayuwarsa ta koma tsakanin gado da keken marasa lafiya.

Ya ƙara shekara 13 a duniya, kuma a cikinsu ya yi aikin da mutane da yawa, har da ni, suka fi so a duk abin da ya bari. Ana shafa wa faffaɗan takardu fenti mai haske, shuɗi da kore da rawaya da ja, a shanya su bushe, a kawo masa. Shi kuma ya ɗauki babban almakashi irin na tela ya yi ta yanka, ba tare da ya fara zana layi ba. Ganye ya fito, tsuntsu ya fito, kifi, tauraro. Yana kwance yana nuni, ana maƙala yankakkun a bango da ƙananan allurai, a ɗaga wannan, a karkata wancan, wani lokaci a kwashe kwanaki ana canja wa ganye ɗaya wuri. Da ya ga ba zai iya fita lambu ba, sai ya cika bangon ɗakinsa da ganyaye. A 1952, da zuwa wurin ninkaya ya gagare shi, ya kewaye ɗakin cin abincinsa a birnin Nis da shuɗin ruwa da masu iyo na takarda. Yakan ɗaura gawayi a kan doguwar gora ya yi zane a bango daga kan gado, har fuskokin jikokinsa ya zana a rufin ɗaki don ya riƙa ganinsu in ya kwanta. Da aka baje waɗannan ayyuka a gidan Tate Modern na Landan a 2014, sama da mutum 560,000 suka je kallo.

Abin da ba na so shi ne yadda ake ba da labarin, kamar dai ciwon ne ya yi masa baiwa. Ciwo bai ba shi komai ba sai zafi da rashin barci. A 1944, yana wannan yanke-yanken, 'yan sandan asirin Jamus suka kama 'yarsa Marguerite suka azabtar da ita saboda tana cikin masu yi wa mamaya turjiya. Wanda ya kalli baƙin mutumin nan da ke faɗowa cikin shuɗi a littafinsa Jazz na 1947, da ɗigon ja a ƙirji da rawaya tana tartsatsi kewaye da shi, ya san mai almakashin bai manta da halin da duniya ke ciki ba. Kyawun nan zaɓa ya yi, kullum da safe, da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

Kuma ba shi kaɗai ya yi ba, nan ne zuciyata ta fi tsayawa. Akwai Lydia Delectorskaya, marainiya 'yar Saibiriya, wadda ta riƙe masa gida da ɗakin aiki har ya mutu. Akwai 'yan matan da ke shafa fentin, suna hawa tsani suna sauka da allurai. Akwai Monique Bourgeois, ɗalibar aikin jinya da ta zo jinyarsa da dare a 1942, daga baya ta zama sista, ta sanadinta ya tsara ƙaramar majami'ar garin Vence da gilasanta masu shuɗi da kore da rawaya, aka buɗe ta a 1951 yana da shekara 81. Tun farko ma haka ya shiga sana'ar: yana saurayi akawun lauya, ciwon ciki ya kwantar da shi, mahaifiyarsa ta kawo masa akwatin fenti don ya rage zaman kaɗaici. Sau biyu ke nan wani da ke tsaye bakin gadonsa ya sa masa kayan aiki a hannu.

Mu kam mun iya dubiya. Za a zo da kunu da lemo, a cika ɗaki da sannu, a yi addu'a, kuma ba na raina ko ɗaya. Sai dai muna da wata al'ada ta ƙwace wa majinyaci duk abin da ke hannunsa da sunan tausayi. Kawuna maɗinkin hula ne, ciwon suga ya ci masa ƙafa aka yanke. 'Ya'yansa, don ƙauna, suka kwashe zare da allura suka ɓoye. "Baba, ka huta, ai ka yi mai wuyar," in ji su. Ƙafa aka yanke masa, yatsunsa da idonsa lafiya lau, amma ya koma kallon rufi daga asuba zuwa isha, magana ma ta ragu. Wata jikarsa ce ta ɗauko masa kayan. Hular da ya fara bayan nan ba ta kai na da ba, amma ya dawo yana faɗa a kan launi, yana aiken yaro kasuwa ya mayar da zaren da bai yi masa ba. A gidan, wannan faɗan aka fi murna da shi.

Za a ce Matisse mai kuɗi ne da ma'aikata, namu majinyacin kuwa kuɗin magani ma sai an yi karo-karo. Gaskiya ne, kuma takarda mai launi ba ta maye gurbin allurar asibiti. Ba ta warkar da shi ba, ba za ta warkar da kowa ba. Amma zare da allura, ko kaba da rini na saƙar faifai, ba su kai kuɗin katan ɗin lemon da muke ɗauka ba. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da zanen mai rai ba, yana da fili: Matisse kansa ya sha daga adon Musulunci, ya je baje kolinsa a Munik a 1910, ya zauna a Tanja ta Maroko a 1912, kuma da yawa daga yankansa na ƙarshe ganye ne da fure da siffofi zalla, abin da ba zai zama baƙo ba ga wanda ya saba ganin lalle da adon bangon Zazzau.

Ina tunanin masu karaya da masu cutar sikila, musamman yara, da ke shafe makonni a gadon asibiti babu abin yi sai jiran zagayen likita. Sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello da kwalejojin ilimi suna yaye ɗalibai kowace shekara. Da a ce kowane aji zai ware yamma ɗaya a mako, da izinin asibiti, su je da takardu da almakashi da gam su zauna bakin gadajen nan, kuɗin bai fi ƙarfin ƙungiyar ɗalibai ba.