Sashe na 702: mu kuma wa zai tsaya mana?

A watan Afrilun 2024 majalisar wakilan Amurka ta kaɗa ƙuri'a kan ko dole hukumar FBI ta nemi izinin alƙali kafin ta leƙa saƙonnin ɗan ƙasa a cikin bayanan da aka tara ƙarƙashin Sashe na 702. Aka tashi canjaras, 212 da 212, gyaran ya faɗi. Kwanaki kaɗan bayan haka Shugaba Biden ya sa hannu a kan dokar ba tare da gyaran ba, aka ƙara wa sashen shekara biyu.

A 2008 aka cusa sashen cikin dokar leƙen asiri ta FISA ta 1978. Da shi hukumar NSA ke tilasta wa kamfanoni irin su Google da Facebook su miƙa mata saƙonnin wanda ba ɗan Amurka ba, muddin yana wajen ƙasar. Ba a neman izini a kan kowane mutum, wata kotun sirri ce ke amincewa da tsarin sau ɗaya a shekara. Sai a 2013 Edward Snowden ya fasa ƙwai.

Masu ƙorafi a can suna da hujja. Ita kanta kotun ta gano FBI ta yi bincike sama da 278,000 ba bisa ƙa'ida ba, har da a kan masu zanga-zangar kisan George Floyd.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne duk wannan hayaniya a kan ɗan Amurka ake yin ta. Ɗauki ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke aika wa dillalinsa na Dubai lissafin atamfa ta Gmail. Doka ba ta ce sai an zarge shi da laifi ba, ya wadatar jami'i ya yi zaton yana da bayanin da Amurka ke nema. Ban ce kowa ake saurare ba. A 2023 sama da 268,000 aka sa wa ido, kuma lallai akwai miyagu a ciki. Amma idan aka yi kuskure a kan ɗan kasuwar nan, ba zai taɓa sani ba.

Turawa ba su naɗe hannu ba. A 2020 kotun Tarayyar Turai ta soke yarjejeniyar tura bayanai zuwa Amurka, sashen nan na cikin dalilanta, sai ga Biden a 2022 ya buɗe musu hanyar kai ƙara. A nan Najeriya kuwa, hukumar da dokar kare bayanai ta 2023 ta kafa a Abuja ta iya cin tarar kamfanoni. Ya kamata ta tambayi gwamnatin Amurka me ya sa Bajamushe ke da inda zai kai kukansa, Bakano ba shi da shi.