Tukuici da motsa jiki ga manya masu raunin fahimta

A shekarar 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya masu naƙasa su riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. A Icirnawa da kewayen Matamaye, kun san sau da yawa akan bar mai raunin fahimta zaune a zaure, gudun tsokanar yara. Yawan zama kuwa yana ƙara haɗarin hawan jini da ciwon sukari.

Tukuici yana taimakawa idan kun ba shi nan take, da zarar ya dawo daga rijiya ko garka. Alewa kullum tana rage amfanin tafiyar. Kuɗi kuma, ranar da suka yanke, sai ya koma zaure. Ku yaba masa a gaban jama'a, ku tambaye shi abin da yake so, ku kuma raka shi kallon kokowa da ƙafa.